Cinyar Da Ba Ta Shiga Firiji

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Sifen ya san abin da zan faɗa. Ka shiga kanti ko gidan cin abinci, ka ɗaga kai, sai ka ga cinyoyin alade reras a rataye, kofato a sama, kowace da ɗan mazubi a ƙasanta yana tarar maiƙo. Su suna ce mata hamon. Ni dai ba na ci, kuma ba zan ci ba, amma zaman shekaru a Garnada ya sa na san yadda ake adana ta fiye da yadda na taɓa zato.

Cinya guda takan kai kilo 7 zuwa 8. Tun daga farko a gishiri ake binne ta, kusan kwana guda ga kowane kilo, sannan a wanke a rataye ta inda iska mai sanyi ke ratsawa. Mai araha ma sai ta yi aƙalla wata 7, mai tsadar kuwa ta kai shekara 3. Ba a dafa ta, ba a soya ta. Gishiri da iska da haƙuri ne kawai.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita ta nuna mini sauran. Tata tana kan wani katako a kicin, an ɗaure kofaton da ƙarfe. Idan ta yanki abin da za ta ci, sai ta mayar da fallen kitsen da ta fara cirewa ta lulluɓe wurin, ta ɗora tsumman auduga. Leda kuwa ko kusa, don tana sa naman ya yi gumi. Firiji ma haka, ta ce yana kashe ɗanɗano. Wuri mai sanyi, babu laima, babu rana, shi ke nan. In fumfuna ta fito a bayan fata ba ta damuwa, gogewa take yi da ɗan mai. Amma da zarar an fara yanka, to a cinye cikin wata guda, in ba haka ba ta ƙandare kamar itace.

Da za ta tafi wurin 'yarta cikin zafin Agusta, ta ba ni mabuɗi, ta ce in riƙa ba furanninta ruwa, in kuma duba mata cinyar. Na ce, "Iya, furanni da labule nawa ne, amma wannan hannuna ba ya taɓa ta." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To 'yar nan, ki dai tsare mini ita daga rana." Haka aka yi, mako uku ina sauke labule da hantsi, ina buɗe taga da dare.

Wannan 'yar magana tamu ba ƙarama ba ce a garin nan. Bayan faɗuwar Garnada a 1492, da aka tilasta wa Musulmi da Yahudawa barin addininsu ko barin ƙasa, ƙin cin alade na cikin abin da ake kai ƙarar mutum a kansa gaban kotun coci. Cinya a rataye a gida shaida ce cewa mai gidan ba ya ɓoye wani addini. Daga 1609 aka fara korar jikokin Musulmin gaba ɗaya. Tsaunukan Alfujarra, inda suka yi tawaye a 1568, yau su ne suka yi suna wajen busar da cinyar, musamman ƙauyen Tirebeles. Ban sani ba ko tsohuwar ta tuna da haka lokacin da ta yi shiru, ni dai na tuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne kakata. Ita ma ba ta san firiji ba, amma naman layyarta yana kai mu har cika-ciki, wata guda cur. Sai dai ita ba ta isa ta rataye cinya sukutum ba. Mutanen Sifen cikin hunturu suke yanka, sanyi na tsare naman kafin gishiri ya ratsa har ƙashi. Mu Sallarmu yawo take, bana damina, bayan wasu shekaru bazara, cinya ɗungurungum kwana biyu ya ishe ta ta yi wari daga ciki. Don haka sai a yanyana a shanya a igiya, ko a soya har ruwan ya ƙone ƙurmus, a zuba a tukunya, a kwarara kakide ya rufe saman. Kitsen da tsohuwar nan ke lulluɓe yankanta da shi, aikin da yake yi ke nan, hana iska taɓa nama.

Yanzu akwai masu busar da cinyar rago ta halal a ƙasar, da wannan dabara dai. Na saya sau ɗaya, siraran yanka a faranti. Gishirin ya yi mini yawa, kuma babu yaji ko kaɗan, sai da na barbaɗa nawa.