Wata Shida na Farko

Har yau idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, na ji ƙamshin man kaɗanya ya gauraya da hayaƙin gawayi, sai in tsinci kaina a ɗakin Inna, ina 'yar shekara tara, zaune a gefen gadon kara, ƙafafun ƙanena a kan cinyata ina matsa masa su a hankali yadda aka koya mini, aci-balbal tana lilo da inuwarmu a jikin bango, Inna kuma tana ɗumama tsumma a bakin kasko tana ɗora masa a gwiwa, ya huce ta sake ɗumamawa. Ba ya kuka da ƙarfi. Nishi yake yi ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyin ya tashi mutanen gida.

Ajuji muke ce masa. Biyu sun riga shi zuwa sun koma tun ba a yaye su ba, aka ce wabi ne, shi ya sa Kaka ta ɗauke shi yana jariri ta kwantar a kan juji, ta juya baya kamar ba ta so, sannan ta dawo ta sungume abinta. Sunan ya bi shi. Ciwon ma ya bi shi, wanda wasu ke kira amosani, wasu sanyin ƙashi. Idanunsa rawaya, cikinsa ya yi tsini ta gefen hagu, wuyansa ɗauke da layu har uku da suka yi baƙi don gumi. Wanzami ya zo da ƙaho, an sha rubutu, an sha sassaƙe. Wanda ya fi zama mini a rai shi ne jiƙon karan dafi, ja wur a cikin moɗa, da masoro da kanumfari suna yawo a sama, yana sha yana yamutsa fuska yana cewa, "Yaya, ki ɗanɗana mana ki ji."

Ina mamakin yarinyar nan da nake a lokacin. Tana son ƙanenta, amma tana jin haushinsa idan farin wata ya fito, ana jiyo tafin gaɗa daga dandali, ita kuwa tana ɗaki riƙe da ƙafa. Tana kishin dafaffen ƙwan zabin da ake ba shi shi kaɗai. Akwai daren da ta matsa da ƙarfi da gangan don ya ce ya isa. Bai ce ba. Ya dai dube ta.

Inna tana da wata magana da ba ta gajiya da ita. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ji: "Yaron nan fa lafiyayye na haife shi. Wata shida cur ko mura bai yi ba, ya yi ɓul-ɓul, goyonsa har ciwon baya yake sa ni. Rana ɗaya kawai hannuwa da ƙafafu suka kumbura." Daga nan sai ta rage murya, don ta riga ta yanke cewa baki ne, kuma ta san bakin wa: wata maƙwabciya ce da ta taɓa yaba ƙibarsa ba ta ce tubarkalla ba. Mun daina shiga gidan matar. Ni kaina na ji labarin wata shidan nan har ya gundure ni, na ɗauke shi irin zancen da uwa ke rarrashin zuciyarta da shi.

A ƙarshen 2023 na ji a rediyo cewa Birtaniya ta amince da wani sabon maganin sikila a watan Nuwamba, Amurka ta biyo baya a Disamba. Casgevy sunansa. 'Yata da ke aikin gwajin jini ta zo hutu, na ce ta warware mini. Muna tsince shinkafa a faifai ta fara. Ta ce ɗan tayi yana da nasa irin sinadarin jini daban, wanda ba ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe. Da shi ake haifar jariri. A watannin farko sai jiki ya riƙa rage yin sa, yana sauya shi da na manya, kuma a na manyan ne aibin yake. Wajen wata shida sauyin ya yi nisa, ciwo ya fito, galibi da kumburin hannuwa da ƙafafu.

Na ajiye faifan.

Ta ce tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai sababbin haihuwa ba ya lanƙwashewa kamar na iyayensu mata. Daga baya masana suka gano ƙwayar halittar da ke rufe ƙofar jinin tayin, suna kiranta BCL11A. Sai ga almakashin datse ƙwayoyin halitta mai suna CRISPR, wanda ya jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020. Ana ɗibar ƙwayoyin da ɓargon mai ciwon ke haifar da jini da su, a kai ɗakin gwaji a datse wurin da ke riƙe ƙofar, a share tsohon ɓargon da magani mai zafi irin na ciwon daji, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara. Jikin babba ya koma yin jinin jariri. Wata mata daga Misisipi, Victoria Gray, aka fara yi wa a 2019, kuma cikin mutum 31 da aka bi sawunsu a gwajin, 29 sun shekara ciwon bai tayar musu ba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali a Nijeriya ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Wannan lissafin ban ko fara shi ba.

Ashe ƙidayar Inna daidai take, ba ragi ba ƙari. Mai laifin ne ta kuskure. Abin yana jikinta, yana jikin Baba, rabi-rabi, ni ma da aka gwada ni AS aka samu. 'Yata ta nuna mini hoton ƙwayar jinin a wayarta, sai na ga laujen Baba sak, wanda yake saƙale a bakin rumbu muna wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma. Maƙwabciyar nan ta rasu ba mu nemi gafararta ba. Allah ya yafe mana.

Ko jiƙon Kaka ban ƙara yi masa kallon raini ba, tun da na ji cewa cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta taɓa haɗa maganin sikila mai suna Niprisan, kuma cikin abubuwa huɗun da ke cikinsa akwai karan dafi da masoro da kanumfari.

Abin da ya iso gidanmu dai ba na miliyoyin ba ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt sun yi shekaru suna ɗora wa yara na'ura a gefen kai, suna auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa don gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke yi wa barazana, suna ba su ƙwayar maganin haidiroksiyuriya. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma yana kare yaran kamar matsakaici. Ita ma wannan ƙwayar, in ji 'yata, jinin tayin nan take ƙarawa.

Jikar ƙanwata tana shan ta kullum da safe, da kokonta da ƙosanta, sannan ta saɓi jaka ta tafi makaranta. Da sanyi kakarta kan lulluɓe ta da gwadon da muke rufa wa Ajuji, wanda ya koɗe har ratsinsa ya kusa ɓacewa. Bana ta shiga shekara sha uku. Ajuji bai kai sha biyu ba.