Ƙarfin Ja Daban, Ƙarfin Ɗauka Daban



Yau alƙalaminmu gareji zai shiga. Labaranmu cike suke da direbobi, da alhazai masu sayen motoci, da haɗurran kan hanya, amma yawanci abin da mai karatu ke samu bai wuce dalleliyar mota ta shigo layi ba, ko mota ta ƙwace ta faɗa rami. Me ya sa ta ƙwace? Nan alƙalami kan yi shiru. Shi ya sa muka ɗauko wata tambaya daga Amurka, wadda amsarta ke buɗe abubuwa da yawa game da mota da kaya.

Amurkawa suna da al'adar yawon hutu da ɗakin tafi-da-gidanka. Ɗaki ne a kan tayoyi, da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa, amma ba shi da inji, sai an ƙulla shi a bayan akori-kura an ja. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Magidanci zai yi shekaru yana tara kuɗi, ya sayi ɗakin, sannan ya tsaya gaban tambayar da za ta iya cin kuɗinsa ko ran iyalinsa: wane inji da wace giya za su ja wannan ɗaki lafiya? Duk lokacin da batun ya taso a majalisarmu bayan taron karatu, akwai mai cewa a kawo mai filogi takwas a rufe magana. Matsayarmu ita ce, lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a talla ita ce mafi ƙarancin amfani ga mai jan kaya.

Mu fara da inji. Ƙarfin inji iri biyu ake aunawa. Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai yi cikin lokaci, akwai kuma ƙarfin murɗa, wato irin ƙarfin da bakanike ke sawa a sifana idan zai kwance noti. Mai jan kaya daga tsaye, ko a tsakiyar hawa, yana son ƙarfin murɗa mai yawa tun inji bai yi ihu ba. Dubi Ford F-150 ƙirar 2021. Injinta mai filogi takwas, lita 5.0, dawaki 400 ne. Injinta mai filogi shida, lita 3.5, mai turbo biyu, wanda suke kira EcoBoost, shi ma dawaki 400 ne. A takarda kunnen doki ke nan. Amma ƙarfin murɗar na farko kimanin niyuton-mita 556 ne, kuma sai inji ya kai juyi 4,250 a minti yake ba da shi. Na biyun yana ba da kimanin 678 tun a juyi 3,100. Ƙaramin ya fi babban jan kaya cikin natsuwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Turbo yana da wata fa'ida da ba a gani sai an hau dutse. Inji da iska yake numfashi kamar mu, kuma iska tana yin sirara idan aka yi sama. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Babbar hanyar I-70 a jihar Kolorado tana ratsa ramin Eisenhower a tsayin mita 3,400. A can, mai filogi takwas ya zubar da kusan sulusin dawakansa a hanya, shi kuwa turbo yana dannawa inji iska da ƙarfi, don haka asararsa kaɗan ce. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Turbo idan yana aiki tuƙuru yana shan fetur kamar babban inji, yana kuma tara zafi. Mai filogi takwas ya fi sauƙin sha'ani wajen gyara, ihunsa a kan hawa kuma ba ciwo ba ne, haka aka ƙera shi.

Sai dizal, irin Cummins mai lita 6.7 da ke cikin Ram 2500. Wannan shi ne sarkin ja, kuma yana da birkin salansa da ke riƙe mota a gangare. Amma kuɗinsa ya ɗara na fetur da dubban daloli, kuma nauyin injin kansa yana cinye wani kaso na kayan da motar za ta ɗauka. Wanda zai ja ɗaki mai tan 3 sau huɗu a shekara, sauran kwanaki yana zuwa ofis, bai buƙace shi ba.

Abu na biyu shi ne giyar aksul ɗin baya, wadda mai saye da yawa ba ya ma tambaya. Ƙarfi yana fitowa daga inji, ya bi ta akwatin giya, ya bi farfela, ya isa aksul. A can akwai haƙora biyu da ke rage juyi su ƙara ƙarfi. Idan aka ce aksul 3.55 ne, ana nufin sai farfela ta juya sau 3.55 kafin taya ta juya sau ɗaya. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da babur da buhu a baya ya san wannan a jikinsa: giya ta ɗaya ba ta gudu, amma ita ke fitar da kai. Lamba babba tana ƙara ƙarfin ja, ta ƙara shan mai kaɗan idan mota ba kaya. Lamba ƙarama tana lallaɓa mai a miƙaƙƙiyar hanya, ta bar inji yana nishi idan an ƙulla kaya.

F-150 tana zuwa da 3.15, 3.31, 3.55 ko 3.73. Ram 1500 tana zuwa da 3.21, 3.55 ko 3.92. A Ram mai injin Hemi lita 5.7, tsakanin 3.21 da 3.92 akwai ƙarin ƙarfi kashi 22 cikin ɗari a taya, kuma nauyin da kamfani ya yarje a ja yana bambanta da fiye da tan ɗaya. Motoci biyu ne a jere, launi ɗaya, inji ɗaya, ido ba zai raba su ba, amma ɗaya za ta ja ɗakin, ɗaya kuma an hana ta. Zaɓen giyar da ta dace ranar saye kuɗinsa kaɗan ne, canza ta daga baya kuwa aiki ne mai tsada.

Duk da haka, tsohuwar dokar da ke cewa mai jan kaya dole ya nemi 3.73 ta rage kaifi. A zamanin akwatin giya mai hawa huɗu, giyar farko ta Ford 2.84 ce. Ninka ta da 3.73, ka samu kusan 10.6. Akwati mai hawa goma da ya shigo F-150 a 2017 giyarsa ta farko 4.70 ce. Ninka ta da 3.31 kawai, ka samu kusan 15.6. Wato sabuwar mota mai aksul mai laushi ta fi tsohuwa mai aksul mai ƙarfi tashi da kaya. Shawarar dattijo gaskiya ce a zamaninta, amma sai an duba akwatin giya kafin a yi aiki da ita. A ganinmu, mai jan ɗakin da ya kai tan 3 cikin duwatsu ya ɗauki lamba babba, ya biya ɗan ƙarin man, hankalinsa ya kwanta.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Talla za ta ce mota tana jan tan 5 ko 6. Ba ƙarya ba ce. Akwai ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota mai suna J2807, wanda manyan kamfanonin Amurka suka fara bi a ƙirar 2015. A cikinsa mota za ta ja kayan ta hau hanyar madatsar Davis a Arizona, kilomita 18, cikin zafin da ya kai digiri 38, na'urar sanyi a kunne, ba tare da ta yi ƙasa da kilomita 64 a awa ba. Gwaji ne mai tsauri. Amma mutum biyu kacal ake lissafawa a cikin motar, kowanne kilo 68. Babu uwargida da yara huɗu, babu janareto, babu kulolin abinci.

Ainihin iyakar tana kan wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke faɗin nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Ɗakin da ake ja yana ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa a kan maƙalar bayan mota, kuma wannan nauyi ɗauka ne, ba ja ba. Mu yi lissafi da misali. A ce takardar ta ce kilo 750, ɗakin kuma da kayansa kilo 3,000. Kusan 400 sun zauna a bayan mota. Ƙarfen maƙala ya ci 40. Saura 310. Manya huɗu masu kilo 75 suka shiga, saura kilo 10. Ko jarkar ruwa ɗaya ba ta da wuri, alhali kusan rabin abin da talla ta ce kawai aka ƙulla. Ga shi kuma masu sayar da ɗaki nauyinsa na wofi suke faɗa, kafin a zuba ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce, kafin tukunyar gas da batir da tufafi.

Wani zai ce to a tura kaya can bayan ɗakin don a sauƙaƙa wa mota. Duk wanda ya tashi a inda ake aiki da amalanke ya san ƙarshen wannan dabara. Lodi ya yi gaba da yawa, ya danne dabba. Ya yi baya da yawa, ya ɗaga jaki sama ƙafafunsa na lilo. A kan kwalta, ɗakin da nauyinsa ya koma baya yana fara kaɗa wutsiya idan gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce, kaɗawar tana ƙaruwa har ta juya motar da ke jansa. Ɗakin kuma bango ne mai faɗin kusan mita biyu da rabi da tsayin mita uku, kuma turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Shi ya sa shan mai kan kusan ninkawa, shi ya sa kuma babu injin da ke maganin gaggawa.

Hawa yana gwada inji da lagireto, gangare kuma yana gwada birki. Ɗakin yana da nasa birkin na lantarki, wanda wata na'ura a cikin mota ke sarrafawa. Direban kirki yana sauka da ƙaramar giya, inji ya riƙe kayan, domin birkin da aka danne tun daga saman dutse zai yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Ba mu da al'adar ɗakin hutu, amma muna da Hilux da ke jan tankin ruwa da janareto da injin haƙa, muna da tsofaffin Peugeot 504 akori-kura da aka harhaɗa a Kaduna, har yau suna dakon buhuna ranar kasuwa. Hilux mai fetur lita 2.7 ƙarfin murɗarta kimanin 245 ne, mai dizal lita 2.8 ta zamani tana kai 500. Suna ɗaya, aiki ba ɗaya ba. Tan 3.5 da kamfani ya yarje wa mai dizal ɗin ta ja a wasu ƙasashe, da sharaɗin abin da ake ja yana da birkinsa ne. Idan ba shi da birki, kilo 750 ne iyaka. Abubuwan da muke gani ana ja a hanyoyinmu, nawa ne ke da birki? Iskar da ke rage ƙarfin inji a Kolorado ita ce ke rage shi a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da kan tsaunin Mambila. Hawan Kibo ba ya tambayar sunan mota. A tasha ana cewa tunda ta tashi da kayan ai ta iya. Tashi shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Tsayawa ce ke da wuya, kuma a nan ake rasa rayuka.

Ga mai saye, jerin a bayyane yake. A fara auna kayan a cike, a duba takardar jikin ƙofa, a dubi hanyar da za a bi, sannan a zaɓi giya, inji ya zo daga ƙarshe. Ga mu masu rubutu kuma, direban da ke cikin labari ya cancanci a san abin da hannunsa da ƙafarsa ke yi. Idan motarsa za ta ƙwace a babi na tara, mai karatu ya ga an tura buhuna baya tun a babi na takwas, ya ji ƙaurin birki, ya ga karen mota ya diro da weji a hannu. Kalmomin suna nan a bakin bakanikai: farfela, aksul, totur, lagireto, sifirin. Wuni ɗaya a gareji da littafin rubutu zai ba mu abin da ba za mu samu a ɗaki ba.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya kai kowa gida lafiya. Mu haɗu a mako mai zuwa da yardar Allah.