Wasiƙa Daga New York: Abin da Fim Ɗin Kramer Ya Nuna da Abin da Ya Bari

Ƙanena,

Ina gaida Baba da Inna, da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da aiki. A saƙonka ka tambaye ni ko gaskiya ne mutanen nan ba su san darajar iyali ba, kamar yadda ake faɗa a majalisarku. Zan amsa maka da wani tsohon fim nasu, Kramer vs. Kramer, domin a cikinsa su da kansu suka faɗi abin da ke damun gidajensu.

Fim ɗin ya fito a 1979, daidai lokacin da mutuwar aure ta kai ƙololuwa a Amurka. Robert Benton ne ya ba da umarni, daga littafin Avery Corman, kuma a nan New York aka ɗauke shi. Dustin Hoffman ya fito a matsayin Ted, ma'aikacin kamfanin talla wanda aiki ya cinye. Ran da ya dawo gida da albishirin ci gaba a ofis, a ranar matarsa Joanna, wato Meryl Streep, ta ce masa ta gaji, ta fice ta bar shi da ɗansu Billy. Bayan fiye da shekara ta dawo daga Kalifoniya tana neman ɗanta, aka tafi kotu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka nuna namiji yana koyon zama uba. Washegarin tafiyar matar, Ted ya shiga kicin zai soya wa yaron burodi da ƙwai, ya ƙone hannu, ya ɓata komai, ko ajin da ɗansa yake a makaranta bai sani ba. A hankali ya koyi kai shi makaranta, da karanta masa labari kafin barci, da lallashinsa bayan ya yi masa faɗa. Da yaron ya faɗo a filin wasa ya fasa fuska, uban ya rungume shi ya yi ta gudu a titi har asibiti, ya tsaya a kansa ana ɗinki. Rainon nan ne ya jawo masa sallama daga aiki, ya karɓi wani mai ƙarancin albashi don kada a ce ba zai iya riƙe ɗa ba. Da alƙali ya ba uwar riƙon yaron, Ted ya ƙi ɗaukaka ƙara, saboda an gaya masa sai an tsayar da Billy a gaban kotu an yi masa tambayoyi. Ya gwammace ya rasa shari'a da a wahalar da ɗansa. Wanda ya ga wannan ba zai ce mutanen nan ba su san ciwon 'ya'yansu ba. Bai ba ni mamaki ba da fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyar a 1980.

Amma akwai giɓin da Bahaushe zai gani tun kafin a yi nisa. Daga farko har ƙarshe babu kaka, babu gwaggo, babu kawu. Aure na shekara takwas ya mutu, ba wani babba da ya kira su ya ji ba'asi. Maƙwabciya ɗaya ce kawai ke leƙo Ted, ita ma nata auren ya mutu. Gurbin da dattawa ke cikewa a wurinmu, lauyoyi ne suka cike shi, kowanne yana tona asirin ɗaya ɓangaren a bainar jama'a, kuma a biya shi dubban daloli. Fim ɗin ya nuna munin wannan tonon silili, sai dai bai taɓa tambayar ina dangi suka shiga ba, kamar dai haka Allah ya halicci gida: miji, mata, ɗa, sai ƙofa a rufe. Wannan kaɗaicin gaskiya ne, ina ganinsa a benen da nake zaune. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rauni na biyu, an tauye uwar. Muna tare da Ted a kicin, a ofis, a asibiti, amma shekarun da Joanna ta yi tana ƙunci a gidansa ba a nuna mana su ba, sai ɗan abin da ta faɗa a kotu. Shi ya sa mai kallo ke saurin yanke mata hukunci. Ƙarshen ma an sassauta shi: bayan ta ci shari'a, sai ta zo da kanta ta ce ta bar wa uban yaron. Ya yi daɗi a fim, amma ba haka rigimar riƙon 'ya'ya ta saba ƙarewa ba.

Kada ka ɗauka mu mun tsira. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yaro bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa. Amma kai ma ka san gidaje nawa ake karɓe yaro da zarar an yaye shi, a miƙa wa kishiyar uwa ko tsohuwa, uban da ya yi ta kumfar baki a kan ɗansa ne bai san ranar da aka yi masa wanka ba. Su sun rasa dangi, shi ya tilasta wa uba ya koyi raino. Mu muna da dangi, sai wasunmu suka fake da su suka sauke nauyin da ke kansu.

Don haka ka gaya wa 'yan majalisarku, Bature ya san darajar ɗansa, zumunci ne ya kuɓuce masa. Mu riƙe namu da kyau, domin idan ya tafi kuɗi ba sa dawo da shi. Kai kuma kada yawan masu taimako a gida ya sa ka zama baƙo ga 'ya'yanka. Ka san malaminsu, ka kai su asibiti da kanka, ka saurari uwarsu tun kafin ta gaji da faɗa.

Ka roƙa mini addu'ar Baba da Inna. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka