Kogin Joj: Ƙasar Da Garkenta Ya Tasam Ma Ƙarewa

A can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Kanada akwai wata makekiyar ƙasa da ake kira Ungava, wadda ta ratsa arewacin lardin Kwebek da yankin Labrador. Ƙasa ce ta duwatsu da tafkuna, inda dusar ƙanƙara ke rufe ko'ina fiye da rabin shekara, itatuwa kuma suna ta gajarta in an nausa arewa, har a kai inda babu ko ɗaya. Ta tsakiyarta ne wani kogi da Turawa suka laƙaba wa suna Joj ya gangara, ya yi tafiyar kilomita fiye da 500 kafin ya faɗa teku. Yau can za mu kai masu karatu, domin su ji labarin wani garken namun daji wanda a 1993 ake lissafa shi cikin mafiya girma a duniya, amma cikin shekara 25 ya kusa shuɗewa.

Mai son zuwa sai ya fara isa garin Sept-Iles a bakin ruwa, ya hau jirgin ƙasa ya yini yana tafiya arewa zuwa Schefferville, tsohon garin haƙar tama. Tun 2005 wannan jirgi yana hannun 'yan asalin ƙasar ne, wato ƙabilun Innu da Naskapi. Daga Schefferville hanya ta ƙare. Sai dai ƙaramin jirgin sama mai sauka bisa ruwa, ko kuwa kwalekwale ga mai ƙarfin hali.

Dabbar da muke magana a kanta ita ce karibu. Dangin barewa ce, amma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, don wani namijin yakan kai jaki tsayi. Ƙahoninta masu rassa ne kamar itace, tana zubar da su ta sake tsiro da sababbi kowace shekara, kuma a cikin danginta ita kaɗai ce mace da namiji duk suke da ƙaho. Gashinta yana da rami a ciki mai riƙe iska, shi ne bargonta lokacin sanyi, shi ne kuma gorar nintonta in za ta haye kogi. Kofatonta mai faɗi ne, da shi take tone dusar ƙanƙara ta kai ga wata irin gansakuka fara-fara da ke shimfiɗe a ƙasa, wadda ita ce cimarta a lokacin hunturu. Mutanen Inuwit suna kiranta tuktu, Innu kuwa atik.

In mai tafiya ya biyo kogin daga sama, zai iso wani wuri inda ruwan ya buɗe ya zama dogon tafki, Innu suna ce masa Mushuau-nipi. Nan ne mashigin dabbobin tun fil azal. Shekaru dubbai Innu suna kafa bukkokinsu a gaɓa suna dako, in garke ya faɗa ruwa sai su bi shi da kwalekwale da masu. Su busar da naman, su jeme fatar su ɗinka riguna da tantuna, ƙashin kuma su daka su fitar da ɓargo domin wani babban biki nasu da ake kira mokushan, inda ba a yarda ko ɗan gutsure ya faɗi ƙasa ba, saboda girmama dabbar. A 1905 wata mace mai suna Mina Hubbard ta keta wannan ƙasa da kwalekwale har bakin teku, ta ba da labarin dubban karibu da ta gani suna ƙaura, da kuma Innu da ta tarar a bakin kogin. Ba a yi shekara goma sha biyu ba dabbobin suka daina zuwa mashigin. Yunwa ta auka wa mutane, ta tilasta musu komawa kusa da kantunan 'yan kasuwar fata a bakin teku.

Wannan ya nuna cewa hawa da saukar garken ba sabon abu ba ne. Masana sun tabbatar da haka ta wata hanya mai ban sha'awa. Kofaton dabbobin yakan ji wa saiwoyin itatuwan da ke kan turbarsu rauni, tabon kuma ya zauna cikin zoben itacen na wannan shekara. Da aka ƙidaya tabban, sai aka gano shekarun da garke ya yi yawa da waɗanda ya yi ƙaranci, tun kafin a fara ƙidaya da jirgin sama.

A tsakiyar shekarun 1950 an ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce 5,000 ba. Daga nan sai garken ya shiga haɓaka kamar wutar daji, har a 1993 aka ƙidaya kimanin 775,000. Yadda ake ƙidayar kuwa shi ne, ana ɗaura wa waɗansu dabbobin abin wuya mai rediyo wanda ke nuna inda suke. A watan Yuli, sa'ad da sauro da ƙudaje suka addabe su, sai su cure wuri ɗaya a kan tuddai masu iska. Nan jirage za su bi alamar rediyon su ɗauki hotunansu daga sama, a zo a zauna a ƙirga.

A kwanakin yalwar nan ne wani abin tausayi ya faru. A ƙarshen watan Satumba na 1984, karibu kusan 10,000 suka nutse a lokacin da suke ƙoƙarin haye Kogin Caniapiscau a saman mafaɗar ruwa ta Limestone. Mutanen Inuwit suka ɗora laifin a kan ruwan da aka saki daga madatsar lantarki da ke sama, kamfanin lantarkin kuwa ya ce ruwan sama ne ya yi yawa a wannan wata. A lokacin garken ya haura 500,000, saboda haka asarar ba ta girgiza shi ba. Amma mai karatu ya riƙe wannan adadi na 10,000 a zuciyarsa.

A 2001 aka ƙidaya 385,000. A 2010 aka sami 74,000. A 2014 sun koma 14,200, a 2018 kuwa 5,500 kacal. Wato cikin kowace dabba 100 da ke yawo a 1993, ko guda ɗaya cikakkiya ba ta rage ba. Waɗanda ruwa ya ci a wancan mashigi ɗaya a 1984 sun fi dukkan garken na 2018 yawa.

To, mene ne ya jawo haka? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne yawan dabbobin kansa. Matan karibu suna haihuwa ne a watan Yuni a kan waɗansu tuddai kusa da duwatsun Torngat, kuma nan suke kiwo da 'ya'yansu a ɗan gajeren lokacin ɗumi. Da bakuna suka yi yawa, sai suka cinye tsiron wurin suka tattake sauran. Tun cikin shekarun 1980 masana suka lura uwaye suna ramewa, 'ya'ya suna zuwa ƙanana, da yawa ba sa kai shekara. Gansakukar nan kuwa ba ciyawa ba ce da za ta tofo da ruwan farko: 'yan milimita take ƙaruwa a shekara, in an cinye ta sai ta ɗauki shekaru gommai kafin ta dawo. Ita kuma karibu ɗa guda take haifa a shekara.

Bayan wannan akwai kyarkeci da baƙar dabbar nan beyar masu kama 'ya'ya. Akwai wuraren haƙar ma'adinai da hanyoyinsu. Akwai ɗumamar yanayi, wadda kan sa ruwan sama ya zuba bisa dusar ƙanƙara ya daskare, ya rufe abinci da ɓawon da kofato ba ya iya fasawa. Akwai kuma farauta. Sa'ad da garke yake da dubu ɗaruruwa, abin da maharba ke ɗiba bai taka kara ya karya ba, har baƙi daga Amurka sukan biya kuɗi mai yawa su zo harbi don nishaɗi. Amma da garken ya faɗi, aka daɗe ba a rage harbin daidai da faɗuwarsa ba. Tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2010 shekara tara ce, kuma cikinsu ne dabba fiye da 300,000 suka salwanta.

Daga baya hukumomi suka farga. Kwebek ta rufe farautar nishaɗi a kan wannan garke a 2012. A 2013 gwamnatin da ke mulkin Labrador ta hana farautarsa ɗungum, har ga 'yan asalin ƙasa. Wannan doka ta yi wa Innu ciwo ƙwarai, domin a wurinsu karibu abinci ne, tufa ne, kuma da shi yaro ke koyon harshensa da al'adar kakanninsa. Waɗansu suka ƙi bin dokar, aka gurfanar da su gaban kotu. Shugabanninsu suka ce ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba, alhali ba su ne suka kawo baƙin maharba ba. Su kuma ma'aikatan gandun daji suka ce garken da ya ragu haka, ko mace ɗaya aka kashe an rage masa gobe.

A cikin wannan hali, a 2013 ɗin dai, Innu da Inuwit da Naskapi da Kiri da sauran 'yan asalin yankin suka kafa zauren shawara na haɗin gwiwa, a 2017 suka fito da tsarinsu na kula da dabbobin. A wannan shekara kuma kwamitin masana na Kanada ya sa wannan jinsin karibu cikin masu fuskantar ƙarewa. A Janairun 2022 mutanen Kiri na Chisasibi suka yarda wa Innu su zo ƙasarsu su harbi karibu 300 daga garken maƙwabta na Kogin Leaf, domin kada bikinsu ya mutu, kada kuma a taɓa na Joj.

In an gangara har ƙarshen kogin, za a iske ƙauyen Inuwit mai suna Kangiqsualujjuaq, mai mutane kusan 1,000, wanda babu hanyar mota zuwa gare shi. Kayan kanti a nan da jirgi suke zuwa, tsadarsu kuwa ba a magana, saboda haka rashin naman karibu rashi ne da ake ji a tukunya.

Ƙidayar 2020 ta ba da 8,100, ƙaruwa ta farko cikin fiye da shekara 25. Ta 2022 ta sauko zuwa 7,200, ta 2024 ta hau zuwa 8,600. Faɗuwar ta tsaya ke nan, amma da sauran rina a kaba. Garken ya taɓa tashi daga 5,000 ya cika ƙasar, sai dai a wancan zamani babu hanyoyi da mahaƙa da motocin ƙanƙara irin na yanzu, sanyin ƙasar kuma bai sauya ba. Hoton karibu yana kan kwabon Kanada na santi 25 tun 1937, yana aljihun kowa. A bakin Mushuau-nipi kuwa turbobin da kofatai suka sassaƙa cikin ƙasa suna nan ana gani, suna gangarawa zuwa ruwa.