Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Tun muna firamare ake karanta mana cewa Allah ya albarkaci Nijeriya da arzikin ƙasa, ga man fetur, ga iskar gas, ga kwal, ga kuza, ga koguna, ga kuma ƙasar noma. Wannan magana gaskiya ce, ba mai musun ta. To, amma ni mutumin Durun ne ta ƙaramar hukumar Kabo, kuma abin da na tashi na gani a gida ya sa na daɗe ina tambayar kaina, shin arzikin da mai shi ba ya iya sarrafa shi da hannunsa arziki ne, ko kuwa labari? Abin da nake so mu duba ke nan tare da 'yan'uwana ɗalibai da malamaina.

Gidanmu gidan masu lambu ne. Kakana da jigo ya yi ban ruwa, watau doguwar sandar nan da ake ɗaura wa nauyi a gindi, a rataya mata guga a kai, mutum ya yini yana tsomawa yana ɗagawa. Ƙarfin damtsensa shi ne makamashinsa, saboda haka iyakar lambunsa ita ce iyakar inda ƙarfinsa ya tsaya. A shekarun 1980, sa'ad da hukumar KNARDA ta yi ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa a fadamun Jihar Kano, sai jigo ya fara ɓacewa. Mahaifina ya gaji lambun da inji, ya faɗaɗa shi, ya riƙa fitar da tumatir da albasa da attaruhu, kuma da kuɗinsu aka sa mu makaranta.

Ruwa dai ba mu rasa shi ba. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo aka ɗauki aniyar tare ruwa a jihar nan, aka gama madatsar Tiga a 1974, daga baya yankinmu ya sami ƙananan madatsu irin su Guzuguzu da Magaga, sa'an nan aka gama ta Chalawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Sai dai ruwa ba ya hawa tudu da kansa, dole a sami abin da zai ɗaga shi. Ga mu kusa da ruwa, amma abin da zai kai shi gindin shuka sai an ɗauko shi a tanka daga ɗaruruwan kilomitoci.

Ba mu san girman wannan dogaro ba sai ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa wuce 1,000. A ranin da ya biyo baya mahaifina ya rage lambunsa, ya bar ɓarin da ke nesa da ruwa ya bushe. Da na zo hutu na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ɗan nan, da shuka nake ciyarwa ta ciyar da ni, yanzu kuwa inji nake ciyarwa." Waɗansu maƙwabtanmu suka juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, waɗansu kuwa suka haƙura suka tafi ci-rani.

Da na fara karance-karance sai na ga ashe wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Dubi maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a da ana kai shi Faransa yana ba su wuta, amma Nijar ɗin kanta ta daɗe tana sayen yawancin lantarkinta daga Nijeriya. Da aka yi juyin mulki a watan Yuli na 2023, Nijeriya ta yanke wutar, sai manyan biranensu suka shiga duhu. A ɗaya gefen kuma ga Japan, wadda kusan duk man da take ƙonawa sayo shi take yi, amma injunan ban ruwan da muka fi amincewa da su sunayen kamfanoninta ne a jikinsu. Ga kuma Norwe, wadda ta gano mai a 1969, shekara goma sha uku bayan an gano namu a Oloibiri a 1956. Su sai suka kafa asusu a 1990 suna tara ribar man saboda jikokinsu, lantarkinsu kuwa kusan dukkansa daga ruwa suke samo shi. Watau bambancin ƙasashe ba a abin da ke binne yake ba, yana ga ilmi da tsarin da za a tono shi a amfana. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mu Kanawa ya kamata mu fi kowa sanin haka. Daga zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 gyaɗa ta zama arzikinmu, har dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Da fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka haɗu da kuɗin mai da ke kwarara, sai aka juya wa gona baya, dalar ta baje. Muka saki abin da ke hannunmu, muka kama wanda linzaminsa ke hannun wasu.

Yanzu kuma ga wani abu sabo ya shigo fadamunmu, watau injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wanda ya samu ya kafa faifan sola ya huta da jarka da 'yan bumburutu, domin lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, a sa'an nan ne rana ta fi ƙwallewa. Ita kanta gwamnati ta buɗe tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso a watan Janairu na 2023. Rana kuwa ba a janye mata tallafi, ba a tare ta a kan iyaka.

Duk da haka ina jin tsoron kada mu maimaita jiya. Kuɗin sayen kayan ya fi ƙarfin ƙaramin manomi idan ba rance mai sauƙi ya samu ba. Faifan da injin yawancinsu daga ƙasar Sin suke, takardar bayaninsu da Turanci ce, in abu ya lalace sai an nemo mai gyara daga birni. Idan rana tamu ce amma sanin kama ta na wani ne, to zanen aro ne, wanda ba ya rufe katara.

A nan ne nake ganin mu ɗaliban Hausa muna da aiki. Ana yi mana ba'a wai me mai digirin Hausa zai yi wa tattalin arziki? Amsata ita ce, manomin Durun da Hausa yake tunani, da ita yake lissafi, kuma ba fasahar da za ta zauna a hannunsa sai ta zo masa da harshensa. Me zai hana ƙungiyarmu ta haɗa kai da 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na aikin gona, mu tsara ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo a kan kafa sola da kula da ita da gyaranta, mu kuma daidaita kalmomin da ake bukata? Kakana ya san kowace gaɓa ta jigonsa, in ya karye da kansa yake ɗaure shi. Ranar da matashin ƙauye zai san injin sola kamar haka, a ranar ne za mu ce arzikin ƙasa ya zama namu. Allah ya nuna mana, amin.