Tsohuwar Motar Turai: Abin da na Koya a Hanyar Darini

A shekarar 2006 ne na sayi motata ta farko, Marsandi 190 baƙa, irin wadda ake kira 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano. Sunayen nan biyu tarihin hanyarta ne: daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam ake loda irin waɗannan motoci zuwa Kwatano ta Jamhuriyar Benin, sannan a biyo da su ta Nijar, su shigo mana ta Maraɗi da Jibiya. Kamfanin ya daina ƙera wannan samfuri tun 1993, amma ni fentinta da ƙamshin kujerunta suka ɗauke mini hankali. Kitse na gani, ashe rogo ne. Ban nemi bakanike ba, na biya dillali la'adarsa, na kama hanya.

Bayan wata huɗu aka aiko mini cewa mahaifiyata ba ta da lafiya a garinmu Darini. Na je na ɗauko ta domin kai ta asibiti a Katsina. Ba mu kai Batsari ba sai allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe daga gaba, mota ta tsaya cik. Ga rana ta yi ƙasa, ga tsohuwa tana nishi a baya. Sai wani direba mai tsohuwar Fijo 504 ya tsaya ya kwashe mu. Na zauna a cikinta ina jin kunyar kaina, domin motar da nake rainawa ita ce ta kai mahaifiyata gaban likita. Allah ya ba ta lafiya, amma har yau in na tuna da wannan yammaci sai gabana ya faɗi.

Washegari bakanike ya nuna mini lagireto da ya toshe da tsatsa, da gaskit da ya ƙone. Ya ce, “Malam, da ka kira ni ranar ciniki, da minti goma sun isa.” Daga wannan rana na tattara darussan da nake son ɗalibi ya riƙe, domin malamin makaranta ba ya sayen mota sau biyu a shekara.

Na farko, kada a yi cinikin biri a sama. A je da bakaniken da aka amince da shi, ba na dillali ba. A zo da sassafe a tayar da inji yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye cutarsa. A dubi hayaƙin salansa: shuɗi alama ce ta shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai; in aka ga kumfa kamar kindirmo, to gaskit ya tafi.

Na biyu, a leƙa ƙarƙashi. A ƙasashen Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cinye ƙarfen mota daga ƙasa, alhali sama tana ƙyalli. Kada kuma a gaskata lambar tafiyar da ke jikin agogo, domin ana mayar da ita baya. Sitiyari da matakin birki da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Na uku, a tambayi hanya kafin a tambayi mota. Fijo 504 ta daɗe a karkararmu ne saboda tana da tsayi daga ƙasa, an kuma fara harhaɗa Fijo a Kaduna tun 1975, don haka kayan gyaranta da masu gyaranta suka wadata. Motar da cikinta ke gogar yashi, wadda sai an aika Kano kafin a sami kayanta, ba ta dace da mai aiki a Safana ko Batsari ba, musamman da yake rashin tsaro a kewayen dajin Rugu ya sa lalacewar mota a hanya ta wuce batun asarar kuɗi.

Na huɗu, takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka a tabbatar da takardar kwastam, a kuma gwada lambar shasi da ke cikinta da wadda ke jikin mota.

Na ƙarshe, a auna aljihu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ciyar da babban inji ya zama nauyi a kan albashi. A kuma rage wani abu daga kuɗin saye domin taya da batir da gyaran farko, don babu tsohuwar motar da ba ta zuwa da bashinta.

Marsandin nan na sayar da ita da asara bayan shekara guda. Wadda na saya daga baya ba ta da kyan gani, har abokan aiki suna yi mini ba'a, amma shekara tara tana kai ni Darini tana dawo da ni.