Ruwan Famfo da Zafin Rana a Zuru

Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a garin Zuru cikin watan Afrilu ya san ruwan farko kan zubo da ɗumi, kamar an sauke shi daga murhu, wani lokaci har da ɗanɗanon roba. Asalin abin kuwa shi ne bututun da ke saukowa daga tankin rijiyar burtsatse, wanda akan shimfiɗa a fili domin gudun kuɗin haƙa.

Galibin irin wannan bututu na PVC ne. Masana'antu sun daɗe suna gauraya robarsa da sinadarin dalma don kada wuta ta ɓata ta wajen ƙira, sai a 2015 masu ƙira a Tarayyar Turai suka gama barin wannan al'ada. Hasken rana yana cin bayan bututu har ya koɗe ya yi gautsi, zafi kuwa yana gaggauta fitar abin da ke cikin robar zuwa ruwan da ya kwanta a ciki.

Sunan dalma ba baƙo ba ne a wannan yanki, tun da gubarta ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Hakika wancan daga haƙar zinariya ne, abin da bututu ke saki bai kama ƙafarsa ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da aka tabbatar ba ya cutar da yaro.

Magidanci mai lura yakan binne bututunsa, ko ya shafa masa farin fenti. Uwargida kuma ta zuba bokitin farko a gindin shuka kafin ta cika randa.